Zalɓen Mudi a Burtalin Dangora

Mudi Maƙeri na Dangora taubashina ne, uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito, don haka ina da izinin faɗar abin da na ga dama a kansa, ya ji ko bai ji ba. Da ma ba ji yake yi sosai ba. Kunnensa na hagu ya toshe tun yana saurayi saboda ƙarar masaba, kuma shi ne kunnen da yake juyo wa duk mai ba shi shawara. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, hannuwansa duk tabon wuta, ba ya dariya sai in aiki ya lalace a hannun wani.

Gidansu gidan ƙira ne tun kakanni. Fartanya, garma, lauje, gatari, abin da aka gada ke nan, kuma a kansa yayansa Maikano yake nufin kowa ya mutu. Maikano shi ne babba a maƙerar bayan rasuwar ubansu. Mutum ne da in ya tsinci ƙusa a hanya sai ya tsaya ya juya ta a tafin hannu yana tunanin abin da za ta zama. Ba laifinsa ba ne gaba ɗaya. A lokacin ƙarfe wuya gare shi, an daina narka tama, maƙera sun koma farautar guntayen ƙarfen Turawa.

A ranin 1953 Mudi ya tafi Riruwai, can bayan Doguwa, yana gyara wa Turawan haƙar kuza bakin diga. Waɗanda suka je tare da shi, wasu sun dawo da keke, wasu da tari. Shi ya dawo da ciwon mota. Wata biyar ya yi yana leƙen aikin wani makaniki, daga nan ya yanke wa kansa hukunci cewa mota ba komai ba ce illa ƙira da aka cika wa iyayi, kuma duk abin da Bature ya ƙera da ƙarfe, ɗan gadon ƙira ya fi shi sanin kansa.

Da kakar shekarar da ta biyo sai Allah ya jarrabe mu. Wani Baturen kuza da ma'aikata ke kira Jan Wuya, saboda yadda rana ta gasa masa ƙeya, ya antaya ƙaramar motarsa mai buɗaɗɗen baya cikin mashigin rafi kusa da garinmu. Ya fito ya dube ta, ya ga Mudi cikin 'yan kallo ya gane shi, ya ce ya ɗauka ya ba shi. Mutum arba'in suka jawo ta da igiya har ƙofar maƙera. Maikano ya kewaye ta sau uku yana haɗiyar yawu, don shi fartanya ɗari biyu ya gani a tsaye. Mudi kuwa mota ya gani, kuma shi aka ba.

Shekara ɗaya da rabi yana kanta. Ya fara da cire duk abin da ya kira kwalliya: ƙofofi, rufi, gilashi, kujeru. Ya kafa katako ya shimfiɗa buzu a kai. Ya samo sifirin na wata matacciyar lori daga direbobin da ke tsayawa a kwana, yana yi musu gyara suna biyansa da guntun ƙarfe da kwalabar fetur, ya ɗaga ta sama har sai mutum ya taka taya kafin ya hau. Daga nan mutanen gari suka sa mata suna Zalɓe. Lagireto yana yoyo, ya toshe shi da garin kuka, ya ɗaure tulu a baya don ƙari. Salansa kuwa, wato bututun hayaƙi, Maikano ya sace ya yi wa zugazugi bututu, saboda haka in ta tashi a Dangora sai kajin ƙauyukan gefe su watse. Ranar gwajin farko ta bi ta kan dangar maƙwabciyarsu Inna Kande ta tsaya a cikin ramarta, don haka ya ƙara mata birki na biyu, wani gungumen kirya da ake dannawa da hannu ya riƙa jan ƙasa.

Aibi uku gare ta da ya kamata a sani tun yanzu. Ba ta tashi sai da turi. In ta tashi, da zarar an ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu. Na uku, ba ta da ribas. Haƙoran wannan giyar sun kakkarye tun a rafi, Mudi ya zare ta ya jefa cikin tarkacen Maikano. Na ce masa, "Yanzu in ka shiga inda ba ya ɓullewa fa?"

Ya ce, "Me zai kai ni inda ba ya ɓullewa? Ni ba kai ba ne, Sale."

A bazarar 1956 aka ji Jan Wuya da abokansa, Turawan kuza da na kamfanonin gyaɗa, za su yi tseren mota daga Bebeji zuwa Kiru, a bi ta Dangora da Tudun Wada, a ƙare a Doguwa. Ba sana'arsu ba ce, wasa ne na waɗanda suka ƙoshi. Mudi ya je ya ce a rubuta shi. Suka zo suka ga Zalɓe, suka yi dariya har ɗaya ya zauna a ƙasa, sannan suka rubuta shi, domin kowane taro yana son abin kallo.

A daidai lokacin haƙurin Maikano ya ƙare. Hadari ya fara leƙowa ta gabas, manoma suna zuwa neman fartanya suna komawa hannu biyu, ga ƙarfe tsibi guda a ƙofar gida yana shan fetur. Ya tara dattawan unguwa a zaure, ya sa aka kira Mudi.

Ya ce, "Shekara biyu ina ƙira ni kaɗai, shi yana kwance a ƙarƙashin wancan abu. A gaya masa ƙarfen da ya shigo gidan nan na maƙera ne."

Mudi ya ce, "Yaya, mota ce. Nan da shekara goma hanyar nan za ta cika da irinta, kuma sai sun nemi mai gyara."

Dattawa suka yi ta jan magana har suka gaji, sannan aka tsaya a kan sharaɗi. In Zalɓe ta shiga Doguwa da injinta kafin a kira la'asar ranar tseren, ta zama ta Mudi har abada, ya kafa rumfar gyaran mota a bakin hanya, Maikano ba zai ƙara kiransa ga zugazugi ba. In aka kira salla ba ta iso ba, a sare ta a yi fartanya, Mudi ya koma gindin uwar maƙera ya rufe bakinsa. Aka shafa fatiha. Kwana uku kafin tseren Maikano ya hau jaki ya nufi Doguwa, wai don ya gani da idonsa. Na ga abin da ya sa a mangala: kurfi biyu na saran ƙarfe da masaba. Wannan shi ne irin fatan alherin da ɗan'uwa ke yi wa ɗan'uwa a gidan.

Ni aka ɗauka abokin tafiya, ba don jarumta ba. Ni kaɗai ne a dangi na gama ajin yaƙi da jahilci, kuma Turawan sun ce kowace mota sai da mai riƙe takardar hanya, wanda zai miƙa a buga hatimi a Kiru da Tudun Wada. Sai kuma danna gungume da zuba ruwa daga tulu.

Saura matsala ɗaya, wadda Turawa ba su rubuta a takardarsu ba. Matar Mudi, Hasana, 'yar Lado ce, wani dattijon Bafulatani da ya daɗe da zama a gefen Dangora yana noma yana kiwo. Danginsa sun so su hana auren, suka ce Bafulatana ba ta shiga gidan ƙira. Lado ya ce baban Mudi amininsa ne, ya ba da, bai ƙara cewa komai ba. Tun daga ranar Mudi yake jin nauyinsa ninki biyu na yadda kowa ke jin nauyin suruki. Bai taɓa kiran sunansa ba. In ya hango shi, tun daga nesa zai tuɓe takalmi ya durƙusa. Shi ma tsohon ba ya kallon fuskarsa, ba ya yi masa magana kai tsaye in da wani a wurin, sai ya faɗa wa wancan. To, Lado yana da wata tsamiya a ƙofar gidansa, daidai bakin hanyar Tudun Wada, inda yake shimfiɗa tabarma kullum daga hantsi zuwa azahar. Ta nan tseren zai bi.

Jajibirin ranar muna ɗaure tulu, Mudi ya ce, "Ba zan wuce ta gabansa a zaune a sama da takalmi a ƙafata ba."

"To, ka sauka ka gaishe shi."

"In na sauka ta mutu. Wa zai tura? Shi?"

A nan ne na kawo shawarar da har gobe nake jin kunyarta. Na ce akwai burtalin shanu da ya fita daga bayan gari, ya zagaye gonakin Lado ta kudu, ya koma hanya bayan mil guda da rabi. Ba wanda zai gan mu, ba hatimi a tsakani. Na yi rashin sa'a, ta kunnen dama na faɗa masa.

Da hantsi aka jera mu a Bebeji, mota tara, takwas masu sheƙi, sai mu. Matan Turawa sun zo da laima da kwandunan abinci. Aka riƙa sakin mota ɗaya bayan ɗaya, mu ne na ƙarshe, kuma sai da majiya ƙarfi shida suka tura mu. Zalɓe ta yi tari, ta yi atishawa, ta yi wata irin ƙara da ta sa dokin wani ɗan doka ya tsinke da shi. Ina jin dariyar mutane a bayanmu har muka fita gari.

Abin da zan faɗa yanzu yana yi mini ciwo, amma gaskiya ce: taubashina ya iya. Hanyar lokacin ba hanya ba ce, yashi ne da kwazazzabai da tushiyoyi. Motocin Turawa ƙasa-ƙasa suke, ga nauyin kujeru da kwanduna. Tun kafin Kiru muka wuce biyu sun kafe a yashi, masu su suna haƙa da hannu. Zalɓe ta bi ta gefensu tana tsalle, ba abin da cikinta ya taɓa. A Kiru malamin hatimi ya duba mu ya sake duba takarda, bai yarda ba sai da ya ƙirga tayoyinmu. Mudi bai tsaya cak ba, yana ta kewaya fili da ita, ni na dira na karɓi hatimi na bi ta da gudu na ɗafe. A mashigin da ya taɓa cinye wannan motar muka sami Jan Wuya da sabuwarsa, ruwa ya shiga injinta. Mudi ya ɗaga masa hannu cikin ladabi. Da muka shigo Dangora, mota biyu kaɗai ke gabanmu, rana ko tsaka ba ta yi ba. Mutanen da suka yi shekara biyu suna kiransa mahaukaci suna bakin hanya suna ihu wai ɗan garinsu ne.

Muka karya ta bayan gari muka faɗa burtali.

Wanda bai san burtalin ƙasarmu ba, ga yadda yake. Kofaton shanu na shekaru ya cinye shi har ya zama kwari, ƙasansa yashi mai laushi, gefe da gefe shingen ƙerana ne ya fi tsawon mutum, wadda in madararta ta shiga idon dabba ko mutum sai dai wani ikon Allah. Faɗinsa na Zalɓe ne daidai, ba ƙari. Muka gangara ciki da gudu don kada yashi ya riƙe mu. Mun yi kamar taku ɗari daga mashiga, muka sha wata 'yar kwana, sai ga ƙahoni.

Shanu ne sun kai sittin, farare, sun cika burtalin fal suna tahowa. A gabansu wani dogon tsoho ne da malfa, ya gicciya sanda a kafaɗa. Ban buƙaci a gaya mini ko wane ne ba, Lado ne.

Na danna gungume da dukkan ƙarfina, muka tsaya. Da da ribas, taku ɗari ne kawai mu koma mu bi hanya. Na tuna masa wannan a lokacin, ban fasa ba, domin ni ma ban iya bakina ba.

Mudi yana danne da totur, Zalɓe tana ruri. Shanun gaba suka fara ja da baya, na baya suna turowa, wasu suna goga fuska a jikin ƙerana. Tsohon ya ɗaga sanda yana lallashinsu, ya kau da kai gefe kamar bai san mai motar ba.

Na yi wa Mudi ihu a kunne, "Kada ka motsa. Zan sauka in gaishe shi a madadinka. Zai juya su, mu bi bayansu a hankali."

Idonsa yana kan tsohon.

Na ce, "To, kawo in taka maka, kai ka sauka."

Ya ce, "Dubi bakinsa."

Na duba. Leɓen Lado yana motsi. Yana kallon shinge, amma gaisuwa yake yi. Tsoho, suruki, a tsaye a ƙasa cikin rana, shi ne ya fara gaida mijin 'yarsa, kuma ƙarar inji ta hana a ji ko kalma ɗaya balle a amsa.

Mudi ya ɗage ƙafarsa. Ba zamewa ta yi ba, ina kallo, ɗagewa ya yi. Zalɓe ta yi shaƙuwa biyu ta mutu. Ya tuɓe takalmansa ya ajiye a kan buzu, ya sauka, ya durƙusa cikin yashin da zai iya gasa gyaɗa.

"Barka da rana, Baba."

"Jam," in ji Lado, yana kallon shinge. "An wuni lafiya?"

"Lafiya lau, Baba."

"Yaya zafi?"

"Lokacinsa ne."

"Yaya aikin wuta? Yaya babban naku? Yaya mutanen gida?"

Ba wadda aka tsallake. Aka gaida gajiya, aka gaida shanu, aka gaida jiran ruwa, aka koma kan gajiya. Ina tsaye ina kallon inuwar sandarsa tana gajarta a ƙasa, ina ji kamar in kurma ihu. Da aka gama, tsohon ya juyo gare ni, alhali Mudi yana taku biyu daga ƙafarsa.

"Malam Sale, ka ce da abokin tafiyarka ya yi haƙuri, dabbobi ba su da hankali. Zan juya su."

Na juya na ce, "Ya ce ka yi haƙuri."

Mudi ya ce, "Ka ce ba komai, mu ne muka shigo hanyarsu."

Juya shanu sittin a wuri mai faɗin tabarma ba aikin minti biyar ba ne. Sai da ya ratsa ta tsakaninsu yana kiran kowace da sunanta, ya fara daga ta ƙarshe. Da hanya ta buɗe muka sa kafaɗa, ni da Mudi, muka tura. Zalɓe ta nutse har gindin taya, ko gezau. Lado ya tsaya daga nesa yana kallon sama. Can ya tafi, ya daɗe, ya dawo da takarkarinsa mai ɗaukar kaya da igiyar rama.

"Malam Sale, ka tambaye shi ina ake ɗaurawa."

Haka motar da ta wuce Turawa shida ta yi mil guda da ɗoriya a bayan takarkari, wanda ke tsayawa duk inda ya ga ciyawa. Mudi bai hau ba. Yana tafe a ƙasa ba takalmi, ya miƙa hannu sama yana riƙe da sitiyari, yana kuma turawa da kafaɗa. Tafin ƙafarsa ya yi bororo. A tsakiyar tafiyar muka jiyo kukan motoci ɗaya bayan ɗaya suna wucewa ta babbar hanya. Aka kira azahar muna ciki, muka yi taimama, don ruwan tulu na Zalɓe ne, muka yi salla, Lado a gaba.

A bakin hanya akwai 'yar gangara. Lado ya kwance igiyarsa, ya ce in ce Allah ya kiyaye hanya. Sannan ya ja takarkarinsa bayan wata kuka, ya juya mana baya, ya duƙa yana duba kofaton da ba abin da ya same shi, har Mudi ya samu ya hau. Na tura, ta gangara, ta tashi.

Abin da ya biyo baya ba tuƙi ba ne, neman mutuwa ne. A Tudun Wada ranar kasuwa ce, masu tallan nono suka watse, na karɓi hatimi ban san wa ya buga ba. Cikin dajin Falgore tulu ya fashe, na riƙa ɗibar ruwa a kwatami da hulata. Na daina danna gungume, don Mudi ya rantse in na ƙara taɓa shi zai jefar da ni. Muka sake wuce Turawa uku. Ina kallon rana tana karkata, shi ba ya kallon komai sai hanya, leɓensa ya bushe ya tsage.

Muna hango rufin Doguwa, bai fi a kira mutum ya amsa ba, sai muka ji ladan. Ni na ji, ta cikin ƙarar. Na ɗauka shi bai ji ba, na yi shiru. Sai na ga ya rage gudu.

Daga baya mutanen garin suka ba ni labari cewa tun inuwa ba ta gama kai ba wani baƙo mai jaki ya tsaya a kan ladan yana tambayarsa ko ba ya tsoron Allah ne da zai jinkirta salla. Na san Maikano shekara arba'in. Ranar ce kaɗai ya yi la'asar a farkon lokacinta.

Mota huɗu suka riga mu. Mu ne na biyar cikin tara, sauran ba su iso ba sai washegari, a bayan lori. Turawa suka kewaye Zalɓe suna tafi, Jan Wuya ya ba Mudi wani kofin ƙarfe mai hannu biyu, ya ce bai taɓa ganin irin wannan ba. Maikano ya fito daga masallaci yana jan carbi, ya karɓi kofin ya ƙwanƙwasa da farce, ya ce gwangwani ne, ko wuƙar yankan kubewa ba zai yi ba.

Na ce, "Yaya Maikano, ka ji tsoron Allah. Da injinta ta shigo. Abin da ya rage bai kai a sha ruwa ba."

Ya ce, "An kira ko ba a kira ba?"

Na buɗe baki zan yi ƙarya, Mudi ya riga ni. "An kira, Yaya. Na ji."

Ya roƙi abu ɗaya, a bar shi ya mayar da ita gida da ƙafarta, kuma shi zai sare ta da hannunsa. Maikano ya yarda, ba don tausayi ba, don ya tuna jakinsa ba zai ɗauki fartanya ɗari biyu ba.

Kwana biyu bayan haka, da safe, ina zaure a gidan Mudi yana shafa man kaɗe a ƙafa, Hasana ta kawo mana koko. Ta ajiye ta tsaya, abin da ba ta saba ba.

Ta ce wa mijinta, "Malam, me ya kai ku burtali?"

Ya ci gaba da shafa ƙafarsa. Ni na amsa, na ce gudun tsamiya muka yi, don kada a wuce Baffanta Lado a zaune.

Ta dube ni, ta dube shi. "Baffa bai zauna a tsamiya ba ranar. Tun jajibiri ya aiko ƙanwata Furera ta tambaye ni ta ina za a bi. Da ya ji, ya ce wa masu kiwo su huta, shi zai fita da shanu da kansa ta baya, ya wuni a can. Shekara bakwai rabonsa da fita kiwo." Ta ɗauki faifanta. "Har tabarmar ya sa aka naɗe aka shigar gida. Ya ce in ka ga tabarma ko ba kowa a kai, sauka za ka yi."

Ta shige ciki. Na jira Mudi ya zage ni, don na cancanta, kuma da ya zage ni da na ji sauƙi. Bai ko dube ni ba. Ya shanye kokonsa, ya ɗaure ƙafafunsa da tsumma, ya ɗauki kurfi ya fita. Kwana tara ina jin sara daga gidanmu.

Fartanyar da aka yi da Zalɓe ba a taɓa irinta ba a ƙasar nan, musamman waɗanda suka fito daga sifirin. Daga Kiru har Doguwa ake zuwa nema, Maikano ya yi suna, ya yi ƙiba, yana gaya wa mutane dabararsa ce tun farko. Ta farko da aka gama, Mudi ya sa mata ƙota ya ba Hasana ta kai gidansu ba tare da saƙo ba. Washegari ƙwaryar nono ta zo, ita ma ba saƙo. Iyakar maganar da aka yi ke nan tsakanin mutanen biyu a kan wannan al'amari har Lado ya rasu, kuma kowa a garin yana yabon su da cewa ba a taɓa ganin surukai masu mutunci irinsu ba. Ni ma na yarda. Na dai ga abin da mutuncin ya ci.

Hanyar ta cika da motoci kamar yadda Mudi ya faɗa, bai ma kai shekara goman ba. Wani mutumin Zariya ya zo ya kafa rumfar gyara a kwana, daidai inda Mudi ya taɓa nuna mini da ƙafa. Shi kuwa ya cika alkawari, ya zauna gindin uwar maƙera shekara talatin, bai ƙara taɓa sitiyari ba, ko a kasuwa aka taso da zancen Zalɓe sai ya juyo kunnen hagu.

Amma na sha zama a maƙerarsa har ya tsufa. Duk lokacin da mota ta taso daga kwana tana canja giya, sai masabarsa ta tsaya a sama, ya karkata kunnen dama, har ƙarar ta ɓace ta wajen Tudun Wada. Kafin nan ƙarfen da ke kan maƙera ya huce, sai ya mayar da shi wuta. Sau ɗaya na tambaye shi me yake saurare. Ya ce ba komai, hannunsa ne ya gaji.